Merkada, Wadda Aka Saya

Ranar da matar ɗana Nisim ta haifi 'ya mace, jaririyar ko awa uku ba ta yi a duniya ba, surukata Harriet, uwar mai jegon, ta sanar da ni cewa ba za a sa wa kowa sunana ba sai na mutu. A barandar asibiti ta faɗa mini, tana murmushi, har da dafa mini kafaɗa.

"Merkada, kada ki ɗauki abin da zafi," in ji ta. "Mu a wurinmu ba a yi wa mai rai takwara. Allah ya ja kwananki. In lokaci ya yi, 'ya ta gaba sai a tuna da ke."

Na cire hannunta daga kafaɗata, na mayar mata da abinta. Na ce, "Harriet, shekarata saba'in da tara. Ɗana yana da arba'in da biyu, 'yarki ta ba arba'in baya. Wace 'ya ta gaba? A kanti za a sayo ta?"

Ni dai haka Allah ya yi ni, magana ba ta kwana a cikina. Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mu da iyayenmu suka zo Seattle daga tsibirin Rodos, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uba take ci, kakar na zaune tana ji da kunnenta. Girma ne da ake ba mace tun tana da haƙoran cin kayan bikin. Su Harriet kuwa, da nasu iyayen suka fito daga Poland, sai mutum ya kwanta dama sannan su ga darajar sunansa. Yahudawa ne kamar mu, littafinmu ɗaya, amma wai in suna ɗaya ya hau kan mutum biyu a dangi, mala'ikan mutuwa zai zo ɗaukar tsohuwar ya rikice ya ɗauki yarinyar. Ji fa!

Nisim shi kaɗai Allah ya ba ni, shi ma sai da na kusa fid da rai. Kuma a duk garin nan Merkada uku na sani, biyu suna maƙabarta. In yarinyar nan ba ta ɗauki sunan ba, da ni za a binne shi.

Bikin suna an sa shi ranar Lahadi ta sama. Da aka sallame su daga asibiti, na gasa bureka, irin samosarmu, masu cuku da dankali faranti guda, na nufi gidan. Na tarar Harriet ta riga ta kafa sansani a kicin da tukunyar romon kazarta. Jodi, matar ɗan nawa, tana kishingiɗe a gado, jaririya a ƙirji, waya a hannu. Nisim na tsaye bakin ƙofa ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka aika ya manta saƙon.

"Mama, na duba sunan naki fa," in ji Jodi. A bar gaskiya, yarinyar ba ta da rashin kunya. "Wai daga yarenku yake, ma'anarsa wadda aka saya. Kuma kin san jerin sunayen jarirai da gwamnati ke fitarwa duk shekara? Sai yara biyar sun ci suna kafin ya shiga. Naki ban gan shi ba ko a shekara ɗaya."

Na ce, "To madalla. In an kira ta a makaranta ita kaɗai za ta waiwayo, ba rabin aji ba."

"Amma Mama, wadda aka saya? Kamar wata kujera?"

Harriet ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Kamar baiwa dai. Faɗi sosai."

Kai, jama'a! Na ajiye farantin tun kafin in jefe ta da shi, na jawo kujera na zauna gaban Jodi, na juya wa uwar tata baya.

Na ce, "Wayarki ta faɗa miki ma'ana, amma ba ta nan lokacin da aka yi abin. Saurara. Kafin ni, uwata Luna 'ya'ya maza uku ta binne, biyu a Rodos, ɗaya a nan. Ina wata takwas zazzaɓi ya kama ni, likita ya zo ya duba ya girgiza kai ya ɗau jakarsa. Ubana yana kasuwa yana yankan kifi. Uwata ba ta jira kowa ba. Ta naɗe ni a zani, ta ƙwanƙwasa tagar maƙwabciyarmu Tiya Rifka, wato Inna Rifka, mai 'ya'ya bakwai duk a raye, ta ce mata ga 'ya ta sayarwa. Tiya Rifka ta miƙo tsabar senti biyar, aka miƙa ni ta taga. Tun daga ranar sunan da aka raɗa mini ya mutu, na zama Merkada. In mala'ika ya zo gidan Luna neman 'yarta, babu ita, an sayar. In ya leƙa gidan Rifka, wadda ke can sunanta daban. Kwana huɗu zazzaɓin ya sauka. Ga ni nan, na binne likitan, na binne ɗan likitan. Wannan suna ba na baiwa ba ne. Sunan 'yar da uwarta ta ce ba za ta bayar ba ne."

Jodi ta kifa wayar a kan bargo. Idonta ya cika. Na ce a raina, shi ke nan, na gama.

Ashe ban gama ba. Harriet ta shigo ɗakin gaba ɗaya, ta goge hannu a tawul, ta yi magana a hankali, abin da ya fi ba ni haushi ke nan da ita.

"To kin yi mini aikina, Merkada. Ke da bakinki kin ce an canza miki suna don a ɓatar da mala'ikan, kuma ya ɓata. Ashe da suna yake aiki. Ashe yana rikicewa. Ba mugun fata nake miki ba, amma shekararki saba'in da tara. Ran da ya zo neman mai wannan suna, so kike ya tarar da biyu?"

Ni da ko mijina marigayi Avram bai taɓa rufe mini baki ba a shekara arba'in da ɗaya! Matar nan ta ɗaure ni da igiyar da na kawo da hannuna.

Sai Jodi ta fashe da kuka. "Mama, yanzu da na ji labarin ina son sunan, na rantse ina so. Amma ɓari uku na yi kafin wannan. Ni ban ma san ko na yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Amma in ta yi tari sau ɗaya, maganar nan ce za ta faɗo mini a rai. Ba zan iya ba."

Ban yi mata faɗa ba. Wadda ta yi ɓari uku ba a yi mata faɗa. Na shafa kan jaririyar, na ɗau jakata na fita. Nisim ya biyo ni har bakin mota cikin yayyafi yana sosa ƙeya.

"Mama, ki yi haƙuri. Mun yi shawara za mu sa mata Maya. Ai da harafin sunanki ya fara."

Na ce, "Harafi? Harafi ne ya yi naƙudarka? Matsa mini in wuce."

Kwana biyu na yi ina juya maganar, ina wanke tukwanen da ba su da datti. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Harriet tana da gaskiya a kan hanyarta. Amma da na nutsu sai na lura da abu ɗaya. Ba ta ce sunan ba zai shiga gidan ba. Cewa ta yi kada masu shi su zama biyu a raye. To ai sai ɗaya ta sauka. Ita mutuwata take jira. Ni kuwa ina da wata hanyar.

Akwai abin da ban gaya wa Jodi ba. A unguwarmu, yarinyar da aka sayar ana fansar ta kafin aurenta, a mayar wa mai saye kuɗinta, a mayar wa yarinya sunanta na fari. Ni ba a fanshe ni ba. Uwata ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi, har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan ba, ni kuma ban san shi ba. Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta sani: Sarota, 'yar Tiya Rifka, wadda ta karɓe ni ta taga tana da shekara takwas. Tun daga nan yaya take a wurina.

Ranar Alhamis da hantsi na kira Nisim na ce ya bar aiki ya kai ni gidan tsofaffi wurin Sarota, kuma ya zo da tsaba a aljihu. Ya ɗauka ta biyan kuɗin ajiye mota ce.

Mun same ta a keken guragu bakin taga. Shekara tamanin da bakwai, ƙwaƙwalwa ta fara yi mata wasa. Ba ta tuna abin da ta ci da safe, amma ta san kalar rigar da kowa ya sa a bikin da aka yi shekara saba'in da suka wuce.

"A'a, 'yar senti biyar! Yau wace rana? Kin kawo mini wani abu ko hannu rabbana kika zo kamar kullum?"

Na ce, "Yaya, fansar kaina na zo yi."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Ta dube ni, ta dubi Nisim. Na zayyane mata komai, da jaririya, da Harriet, da ludayinta.

"Ke mahaukaciya ce tun kina goye," in ji ta. "Kin san ana gobe aurenki uwata ta tayar da maganar nan? Tiya Luna ta zube ƙasa tana kuka, tana cewa a bar ki inda kike, har yanzu mala'ikan yana neman ki. Ta sa ni rantsuwa."

"Uwata tsoro take kada ya ɗauke ni ina ƙarama. Dube ni, Yaya. Gwiwa ta tafi, ido ɗaya ya tafi. Me ya rage da ake ɓoyewa?"

"Avram fa? Merkada ya aura. Filin da ke gefensa a maƙabarta naki ne. In aka rubuta wani suna a dutsen, ya ce wace ce wannan aka kwantar masa a gefe?"

Wannan ta shige ni, ba zan yi ƙarya ba. Sannan na ce, "Avram da faɗa zai gane ni. Ina isa zan tambaye shi inda ya ajiye makullin gareji."

Sarota ta yi dariya har da tari. Amma ta ce mutum ba ya fansar kansa, sai jininsa ya biya. Duk muka juya ga Nisim. Sai a lokacin ya gane abin da tsabar aljihunsa ta zo yi.

"A'a, Mama. Haba! Duk wannan fa camfi ne."

"In camfi ne, me kake tsoro? Biya."

"In kuma ba camfi ba ne fa?"

"To 'yarka ce za ta zauna lafiya da sunan da ya riƙe ni shekara saba'in da tara. Biya, na ce."

Ƙato da shi, mai furfura a gemu, ya tura hannu aljihu kamar ɗan makaranta. Ya lalubo tsabar senti biyar ya sa a tafin Sarota. Ta damƙe, ta kamo tsintsiyar hannuna ta ɗora a nasa, ta ce da yarenmu, "Na mayar muku da 'yarku." Sannan ta yafito ni. Na ce ta faɗa da ƙarfi, ta ƙi. Ta jawo kaina ta raɗa mini a kunne, numfashinta na warin alewar na'a-na'a.

"Zimbul."

Sunan wani fure ne mai ƙamshi. Kuma sunan kakata ta wajen uba ne, wadda aka baro a Rodos. Ashe shi ya sa ba a taɓa faɗin sunanta a gidanmu ba, kullum Nona, Nona, wato Kaka. Ni ma ashe takwara ce, ban sani ba. Na zauna a bakin gadon Sarota na yi kukan da ban shirya ba.

Daga can muka wuce majami'a wurin Haham, malaminmu. Yaro ne, na san uwarsa tun tana tsalle da igiya. Ya ce ai marar lafiya ake canza wa suna, ni kuwa ga ni garau. Na ce ba canzawa na zo yi ba, karɓar kayana na yi, aikinsa ya rubuta. Ya ja gemu, ya buɗe littafi biyu, ya rufe, ya ɗau alƙalami.

Nisim ne ya kai labarin gidansa. Jodi ta kira ni a waya, sai shessheƙa take yi. Na ce, "E ko a'a?" Ta ce, "E, Mama." Daga ranar har Lahadi ba wanda ya kira ni da kowane suna. Mama, Nona, ke, baiwar Allah. Kowa na kewaye ni kamar rami a hanya.

Ranar Lahadi da safe ina kicin ɗin Jodi ina jera ƙwai da aka dafa da ɓawon albasa, sai ga Harriet. Ta turo ƙofa ta rufe. Fuskarta fara fat, ko jan baki ba ta shafa ba.

"Ni ban ce ki yi haka ba," in ji ta. "Allah ya sani ban ce ba. Uwarki ta ɓoye ki, ni kuma na sa kin fito fili. In wani abu ya same ki, da wane ido zan dubi ɗanki?"

Na ce, "Da naki guda biyun nan. Ba ke kika sa ni ba, Harriet, ba a sa ni. Dokarki ta ce ɗaya, ga ɗaya. Akwai saura?"

Matar nan ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika mata ciki, kuma jikar tata ce kamar yadda take tawa.

"Akwai," in ji ta. "In kin bar shi, kin bar shi. Ba a takarda kawai ba. Ba za ki ƙara amsa shi ba, ko a waya, ko cikin barci, ko wa ya kira."

"Ko wa ya kira."

"Ki rantse."

Na rantse mata da ran Nisim. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗau faranti ɗaya, na ɗau ɗaya.

Falo ya cika maƙil, namu a gefe, nasu a gefe. An ɗauko Sarota daga gidan tsofaffi, aka ajiye kekenta kusa da taga. Aka fito da jaririya a kan farin matashi, sanye da rigar leshin da Nisim ya sa a nasa bikin. Haham ya yi addu'a, ya tambayi uba sunan yarinya. Nisim ya juya ya dubi matarsa. Jodi ce ta faɗa daga inda take zaune, sarai, kowa ya ji.

"Merkada."

Matanmu suka rangaɗa guɗa, dangin Harriet suka firgita, wani kawunsu ya zubar da shayi a wando. Aka fara miƙa matashin hannu zuwa hannu, kowa ya sa albarka. Da ya iso gare ni na leƙa fuskar, jajir, ta yamutse kamar mai shirin yi wa duniya faɗa. Na ce, "Merkada." Ban taɓa kiran wani da sunan ba tun da nake. A bakina ya yi nauyi, kuma ya yi daɗi. Na ce, "Riƙe shi da kyau, yana aiki." Na miƙa ta gaba.

Aka shiga ciye-ciye. Ina tsaye bakin tebur ina zuba wa mutane gahawa, sai na ji daga bayana, daga wajen taga.

"Merkada! Zo ki gyara mini mayafin nan, ya zame."

Sarota ce. Ta manta.

Na'am ɗin shekara saba'in da tara ya taso mini har maƙogwaro. Na danne shi da haƙora. Na ci gaba da zuba gahawa, kofin ya cika ya fara malala a faranti. Harriet na can gefe da jaririya a hannu, ta ƙame, idonta a kaina.

"Merkada! Ba kya ji ne?"

Hira ta fara mutuwa a falon. Nisim ya yunƙura zai je, na harare shi ya koma ya zauna.

"Merkada, ni ce fa. Yayarki ce." Muryar ta karye. "Me na yi miki?"

Wayyo Allah, wannan ta fi komai ciwo. Matar da ta goya ni, ta yi mini kitso ran aurena, ta kwana uku a gidana da Avram ya rasu. Hawaye na bin fuskata, ban juya ba. Na ajiye butar, na dafe tebur da hannu biyu, na tsaya.

Falon ya yi tsit. Na ji ƙarar keken ya ɗan motsa. Na ji ta ja numfashi. Sannan ta kira a hankali, da tsoro, kamar mai taka ƙanƙara.

"Zimbul?"

Na juyo. Na ce, "Na'am, Yaya!" da ƙarfi, yadda duk mai nemana zai ji, na tafi na gyara mata mayafin.